Gidan Dara Goma Sha Huɗu

Malam Kailani Tafireta ya yi shekara ashirin da shida yana buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati a Zariya, kuma a iya saninsa bai taɓa yin kuskure ba. In an ga kuskure a takardar da ya buga, to daga rubutun hannun da aka ba shi ne, shi kuwa bugawa aka ɗauke shi yi, ba gyara ba. Yana buga kalma tamanin a minti ɗaya. Sau ɗaya aka taɓa auna wannan, a shekarar 1989, da agogon wani babban akawu da ya daɗe da rasuwa, saboda haka babu mai iya musawa.

A teburin da ke kusa da nasa akwai Ernest, ɗan wani malamin asibiti daga Wusasa, mai buga kalma arba'in da biyar da yatsu huɗu. Kailani ne ya koya masa yadda ake jera takarda uku da kabon a tsakaninsu ba tare da sun karkace ba. A wancan zamanin yana son Ernest ƙwarai, irin son da mutum ke yi wa wanda ya tabbatar ya fi.

A shekara ɗaya suka yi ritaya. Dukansu suka buɗe shagon buga takardu a Tudun Wada, a layi ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, ba abin da ya raba su sai titi da kwata. Ɗalibai na kawo musu aikin kammala karatu, 'yan fansho na kawo takardun koke, masu neman aiki na zuwa a cike musu fom. Aikin ya ishe su su biyu. Amma in mutum yana son ya ga abin kallo, wajen Kailani yake zuwa, domin Kailani ba ya duban madannai kuma ba ya duban allon kwamfuta. Fuskar mai takarda yake kallo, yana tambayarsa lafiyar iyali, yatsunsa na ta aiki su kaɗai. Ya ce haka aka koya musu, mai duban hannunsa ɗan koyo ne.

Wata rana wani ɗalibin jami'a ya kawo littafin koyon rubuta manhaja da harshen kwamfuta mai suna Python a yi masa hoto. Kailani ya yi masa kwafi ɗaya, ya yi wa kansa ɗaya. Bayan wata goma sha ɗaya ya rubuta manhajar da ke karɓar makin ɗalibai ta fitar da katin sakamakon kowane yaro, da sunansa da ajinsa da sa hannun shugabar makaranta. Hajiya Rauda, mai wata firamare a Tudun Jukun, ta ba shi aikin makarantarta. Shekara tara kenan yana yi. Sau uku a shekara yakan buga katuna ɗari uku da 'yan kai, ya sa kowanne a ambulan, ya liƙe. Wannan aikin shi ne ya bambanta shi da duk wani mai shago a layin. Kowa na buga takarda, amma shi kwamfuta yake ba umarni.

Akwai wata ɗabi'a da ya taso da ita daga ma'aikata. A can ba a yaga takarda daga fayil. In abu ya daina aiki, layi ake ja a kansa a bar shi a wurin, saboda wata rana wani zai zo ya ce ba a taɓa rubuta shi ba. Haka Kailani yake yi da manhajarsa. Bai taɓa goge layi ɗaya ba. A Python, in ka sa alamar gidan dara a farkon layi, wadda ake dannawa a waya in za a duba kati, kwamfuta takan tsallake layin kamar ba a rubuta shi ba. Kailani na kiran wannan kwantar da layi. In Hajiya ta ce a cire wani abu, sai ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowanne gidan dararsa, ya sauka na ƙasa. Cikin layi ɗari tara na manhajar, kusan ɗari shida barci suke yi.

A cikin masu barcin akwai layi goma sha huɗu da ke da tarihi. Su ne ke jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe su buga matsayin kowa a katinsa. Shekara shida da suka wuce, wasu maƙwabta biyu, Alhaji Nagoda mai kayan gini da Malam Yusha'u tela, suka daina gaisawa saboda 'yar wannan ta zo ta uku, 'yar wancan ta huɗu. Maganar ta kai ga mai unguwa. Hajiya Rauda ta yanke hukunci cewa daga ranar babu sauran na ɗaya ko na biyu a makarantarta, kowa ya ga makin ɗansa ya yi shiru. Kailani ya kwantar da layukan nan da hannunsa, aka zauna lafiya.

Abin da ya ɓata wa Kailani shekarar nan ya faru ne wata Talata, saura mako uku a rufe zango. Hajiya Rauda ta zo ta ce malamin Faransanci ya tafi, a cire darasin daga katin. An ɗauke wuta, janaretan Kailani kuma ya ƙi tashi. Dole suka tsallaka shagon Ernest, wanda ke da sola, da fayil ɗin a filashi.

"Malam Kailani da kansa a shagona," in ji Ernest, yana janye kujera. "Yau sai in rubuta kwanan wata a bango."

"Aron wuta na zo, ba ziyara ba."

"To ga wuta nan, ɗebi yadda kake so."

Layin Faransanci arba'in ne. Kailani ya zauna, ya miƙa yatsunsa suka yi ƙara, ya juya yana kallon Hajiya, ya fara. Gidan dara, ƙasa. Gidan dara, ƙasa. Yana tambayarta ya jikin mahaifiyarta. Ya kai layi na shida kenan sai Ernest, wanda ke tsaye a bayansa yana cin gyaɗa, ya ce, "Bari in rage maka wahala, Malam." Ya miƙo hannu ta saman kafaɗarsa, ya ja linzamin kwamfuta a kan sauran layukan, ya taɓa wani abu da yatsu biyu. Layi talatin da huɗu suka kwanta a lokaci guda, kowanne da gidan dararsa. Ɗaya hannun nasa bai ma saki gyaɗar ba.

Hajiya Rauda ta matso ta gyara tabarau. "Ikon Allah. Malam Ernest, ashe kai ma ka iya abin nan?"

"Ina fa, Hajiya. 'Yata Edith ce ta nuna mini da ta zo hutun Kirsimeti. Ita ce mai aikin a Kaduna, ni kwaikwayo nake."

"Kwaikwayon nan ya yi sauri," in ji Hajiya. Da za ta hau keke napep ta juyo ta ce, "In an gama zangon nan sai mu zauna mu uku, mu ga yadda za a riƙa yin aikin nan gaba."

Kailani ya ce Allah ya kai mu. Ya koma shagonsa ya zauna a duhu, ko da yake rana na tsaka.

Ya san hukuncin hassada, ya ma taɓa yi wa wani mai gyaran waya nasiha a kanta. Don haka abin da ya same shi bai kira shi hassada ba, ya kira shi lura. Ya lura cewa Ernest ya sake fentin allon shagonsa. Ya lura cewa ɗalibai biyu da ya saba gani sun shiga can. Ya lura cewa mutumin da bai taɓa wuce kalma arba'in da biyar ba ya kwantar da layi talatin da huɗu a gaban Hajiya yana tauna gyaɗa, kuma ko murmushin nasara bai yi ba, wanda hakan ma wani salon rainin wayo ne.

Tambaya dai ba zai yi ba. Mutumin da ka koya wa jera kabon ba ka zuwa gabansa ka ce koya mini. Sai ya fara tsallaka titi. Ranar Laraba ya je aron ƙusar sitefula. Ranar Alhamis ya mayar da ita, ya ce bai yi amfani da ita ba. Ranar Asabar ya je gaishe da Ernest da mura, alhali murar ta warke tun makon jiya. Duk zuwan da zai yi, idonsa na kan hannun dama na Ernest. Amma Ernest takardun koke kawai yake bugawa, babu layin da zai kwantar, madannansa kuma duk haruffan sun goge saboda tsufa.

Matarsa Atika ce ta gaji. Tana zuba masa abincin rana ta ce, "Malam, kwana biyar kenan kana barin tuwo. Ko dai miyata ce ta canja?"

"Tunanin aiki ne."

"Aikin da ke shagon Baban Edith?"

"Wa ya ce miki?"

"Duk layin nan sun ga kana zarya. Mai shayi ya tambaye ni ko haɗa shago za ku yi."

Ya gaya mata a taƙaice, ya nuna cewa abin ba wani abu ba ne, dabara ce ta malalata, shi dai yana so ya san ko tana lalata fayil ne, don ya kare Hajiya. Atika ta kwashe kwanuka. Washegari da ta dawo daga kasuwa ta ajiye masa wata 'yar takarda kusa da kwanon abinci.

"Mene ne wannan?"

"Na tsaya na tambaye shi. Ya ce ka zaɓi layukan, ka danne madannin kwantirol, ka taɓa sandar nan da ta karkace, wadda ke ƙasan alamar tambaya. Ga shi ya zana maka ita. Ya ce a gaishe ka."

"Kin ce masa ni na aiko ki?"

"Na ce masa ni ce nake son koyon kwamfuta a shekara hamsin da huɗu. Ya yi dariya har ya zauna."

Kailani ya ci tuwon nan duka, don fushi. Da ya koma shago ya gwada a manhajar da yake rubutu a cikinta, wata tsohuwa mai farin shafi da baƙin rubutu, wadda ya riƙe saboda a ganinsa rubutu mai launi-launi na yara ne. Ya danne kwantirol, ya taɓa sandar. Ba abin da ya motsa. Ya sake. Shiru. Kwana biyu ya yi cikin farin ciki, domin ya tabbata Ernest maƙaryaci ne mai ɓoye sani. Ya ma fara tausaya masa. A rana ta uku Atika ta ce, "Af, na manta. Ya ce sai a irin tasa manhajar mai launi, ya rubuta sunanta a bayan takardar."

Ranar Laraba ta makon ƙarshe, bayan Azahar, Kailani ya tura ƙofar shago rabi, ya sauke manhajar mai launi. Ya buɗe fayil ɗin makaranta. Ya nemi inda zai gwada ba tare da ɓarna ba, sai ya tuna da layukan nan goma sha huɗu. Su dai a kwance suke, ba abin da zai same su. Ya zaɓe su, ya danne kwantirol, ya taɓa sandar.

Gidajen dara goma sha huɗu suka ɓace. Layukan suka yi launi, suka farka. Ya ja da baya a kujera. Ya sake dannawa, suka koma suka kwanta. Ashe madannan da ke kwantarwa su ne ke tayarwa. Wannan ko Ernest bai faɗa ba, wataƙila ma bai sani ba, kuma tunanin hakan ya yi wa Kailani daɗi.

Ya danna, suka tashi. Ya danna, suka kwanta. Ya gwada da hannu ɗaya. Ya gwada yana kallon kalandar bango a matsayin fuskar Hajiya, yana tambayarta ya jikin mahaifiyarta. Ya aika aka sayo masa gyaɗa, ya gwada da ita a hannun hagu. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya ya shafe awa biyu yana kashe abu yana kunnawa. Da aka kira La'asar, yatsunsa suka adana fayil ɗin su kaɗai, kamar yadda suka saba duk lokacin da zai tashi. Idonsa na kan kalanda. Dannawar ƙarshe ta tayarwa ce.

Ranar Alhamis ya buga katuna ɗari uku da goma sha biyu yana musu da wani ɗan fansho a kan ko za a yi ruwa. Bai karanta ko ɗaya ba. Mai duba aikinsa mutum ne da ke zaton zai yi kuskure. Ya ninke su, ya liƙe, aka kai makaranta, aka raba ranar Juma'a.

Ranar Asabar da hantsi keke ya tsaya a ƙofar shagonsa. Hajiya Rauda ta sauko da kati biyu a hannu, ta amsa gaisuwarsa a gajarce.

"Malam Kailani, karanta mini layin ƙasa."

Ya karanta. Na goma sha ɗaya cikin talatin da takwas. Ɗayan kuma na goma sha biyu.

"Wannan na autan Alhaji Nagoda ne, wannan na autan Malam Yusha'u. Aji ɗaya suke. Shekara shida na yi ina lallaɓa mutanen nan har suka koma zama tabarma ɗaya. Jiya bayan Juma'a Alhaji ya yanka wa ɗansa kaza a ƙofar gida, inda tela zai gani. Na goma sha ɗaya fa. Wayata ba ta huta ba tun jiya. Wata ta ce in gaya mata wace ce ta ɗaya a ajin 'yarta, tana so ta san uwarta."

"Hajiya, na'ura ce."

"Na'urar ce ta tuna abin da na hana shekara shida?" Ta leƙa waje ta ɗaga murya kaɗan. "Malam Ernest, don Allah ɗan tsallako."

Ernest ya zo yana share hannu da ƙyalle. Hajiya ta gaya masa abin da ya faru, ta ce zaman da ta ce za a yi bayan zango, to yanzu ne. In zai iya karɓar aikin, ya karɓa daga yau. Kailani ya tashi daga kujerarsa ba tare da an ce ya tashi ba, ya tsaya jikin bango kusa da kalanda.

Ernest ya zauna. Ya ga manhajar mai launi a buɗe, ya ga ɓawon gyaɗa a gefen madannai. Ya fara gangarawa cikin fayil ɗin. Ya yi ta gangarawa. Layuka masu barci suna wucewa ɗari bayan ɗari: darasin da aka daina tun kafin korona, tsohon taken makaranta, sunan wani mataimakin shugaba da ya koma Funtuwa, hanyar lissafin maki iri huɗu, uku a kwance ɗaya a farke.

"Hajiya," in ji shi a ƙarshe, "gaskiya ba zan iya ba."

"Kai da ka kwantar da arba'in da hannu ɗaya?"

"Talatin da huɗu ne, kuma shi ya nuna mini inda suka fara da inda suka ƙare. Ni na san madannan da ake taɓawa, amma ban san layin da zan taɓa ba. Wannan gida ne mai ɗaki ɗari tara, mutum ɗaya ne ya san wanda ke kwance a kowane ɗaki. In na sa hannu, zango mai zuwa sai ki ga Faransanci ya dawo, lissafi ya tafi." Ya tashi ya juya kujerar. "Malam, zo ka mayar da mutanenka barci."

Hajiya ta dubi wannan, ta dubi wancan. "To. Amma daga yau kati ɗaya za a fara bugawa a kawo mini in gani da idona kafin a buga sauran. Kuma a sake buga na wannan zangon duka, Litinin nake so."

Kailani ya zauna. Bai nemi layukan ba, ya san inda suke. Madannai biyun nan na nan ƙarƙashin hannunsa na dama, ya kuma ƙware a kansu fiye da wanda ya koya masa. Ya ɗaga kai ya kafa wa Ernest ido, ya fara. Gidan dara, ƙasa. Gidan dara, ƙasa. Sau goma sha huɗu, ba tare da ya ƙifta ba.

Ernest ya dubi agogon hannunsa. "Daƙiƙa tara. Hajiya, kin gani? Mutumin nan tun muna samari haka yake. Ni ban taɓa kama ƙafarsa ba." Ya faɗi haka da fara'a, har cikin ransa, ya koma shagonsa.

Aikin makaranta na hannun Kailani har yau. Yakan buga kati ɗaya ya kai Tudun Jukun a acaɓa, ya tsaya Hajiya ta karanta shi daga sama har ƙasa, abin da babu wanda ya taɓa yi wa aikinsa tun 1989. Alhaji Nagoda ya sa an yi wa tsohon katin firam, ya ƙi karɓar sabon.

Atika ta ce ya kamata ya tsallaka ya yi wa Baban Edith godiya. Ya ce zai je. Ya kuwa je, bayan kwana goma, da ƙullin gyaɗa, suka yi hira ta rabin awa a kan tsadar tawada. Da ya dawo ya tarar ta kawo masa abinci shago, ta tambaye shi yadda suka yi.

"Lafiya lau."

"To me ya sa fuskarka haka?"

Ya juya waje. Yana kallon ƙofar shagon da ke tsallaken titi, inda Ernest ke buga wa wata tsohuwa takarda da yatsu huɗu, yana duban hannunsa.

"Shekara talatin da biyar ina gabansa," in ji Kailani, "kuma ko sau ɗaya abin bai taɓa hana shi cin abinci ba. Ban san inda ya koyi wannan ba."

"Sai in tsaya in tambayar maka gobe," in ji Atika, ta ɗauke kwanon.